Barasa da Mai Juna Biyu: Yadda Ake Gane Yaron da Ta Yi wa Lahani Tun Yana Ciki

A ikkilisiyar ƙauyen da na fara hidima akwai wani yaro ɗan shekara tara wanda kowa ya gaji da shi. A aike shi sayen gishiri, ya dawo hannu rabbana, ya manta abin da aka ce. A doke shi yau a kan wani laifi, gobe ya sake yi kamar ba a taɓa yi masa magana ba. Malamin makarantar Lahadi ya ce taurin kai ne, kakarsa ta ce an yi masa asiri, wasu har suka fara raɗe-raɗin maita. Mun yi addu'a, mun yi azumi, amma ba wanda ya tambayi yadda goyon cikinsa ya kasance. Sai daga baya uwarsa, wadda sana'arta dafa burukutu ce, ta gaya wa matata cewa kullum tana sha har ranar da ta haihu, domin a ganinta abinci ne. Wannan magana ce ta kai mu wurin likitan yara, kuma ita ce ta ba shi bakin zaren.

Yadda barasa take kaiwa ga ɗan tayi

Idan mai ciki ta sha barasa, takan shiga jininta, ta ratsa mabiyiya, ta bi cibiya zuwa jinin ɗan tayi. Hantar babba tana iya narkar da barasa, amma ta ɗan tayi ba ta yi ƙwari ba, don haka gubar takan daɗe a jikinsa. Tana kashe ƙwayoyin halittar da ake gina ƙwaƙwalwa da su, tana kuma hana waɗansu isa inda ya kamata su zauna. Siffar fuska takan fara kafuwa wajen mako na uku bayan shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Ƙwaƙwalwa kuwa tana girma ne dukan wata tara. Shi ya sa likitoci suke cewa babu lokacin da sha ba shi da haɗari, babu kuma wani mizani da aka tabbatar ba ya cutarwa. Giyar kwalba, burukutu, fito, bammi, ogogoro da tsimin da aka jiƙa a barasa, sinadarin da ke bugarwa a cikinsu ɗaya ne.

Yadda aka gano matsalar

A shekarar 1968 wani likitan yara a birnin Nant na Faransa, Paul Lemoine, ya rubuta bayani a kan yara 127 na iyaye mashaya, ya nuna cewa suna kama da juna a fuska, da ƙarancin girma, da raunin tunani. Ba a kula da aikinsa sosai ba. A 1973 likitoci biyu na Jami'ar Washington a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ba matsalar suna a mujallar Lancet. A 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya shawarci masu ciki su guji barasa. Yau ana kiran dukan nau'o'in lahanin da haruffan FASD, wato lahanin barasa ga ɗan tayi, daga mai tsanani zuwa mai sauƙi.

Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya kiyasta cewa kusan yara 8 cikin 1,000 a duniya suna ɗauke da shi, kuma cikin mata 13 da suka sha barasa da ciki, ɗaya takan haifi yaro mai lahanin. A lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, inda a da aka daɗe ana biyan ma'aikatan gonakin inabi wani ɓangare na ladansu da giya, an sami garuruwan da fiye da yaro ɗaya cikin goma a ajin farko na firamare yake da shi.

Yadda likita yake tabbatarwa

Babu gwajin jini ko hoton asibiti guda da zai ce ga shi. Likita yakan haɗa abubuwa huɗu.

Na farko, fuska. Alamu uku ake nema: tsagar ido gajera, kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓen sama ya shafe, leɓen sama kuma siriri. Ana auna su ne da ma'auni, ana kuma la'akari da kamannin iyali da na ƙabila.

Na biyu, girma: nauyi, tsawo da kewayen kai, tun daga haihuwa. Nan katin awo da na rigakafi suke da amfani.

Na uku, aikin ƙwaƙwalwa: riƙe abu a ka, mai da hankali, lissafi, magana, kame kai, da fahimtar cewa wannan aiki shi yake jawo wancan sakamako.

Na huɗu, tabbacin cewa uwar ta sha barasa lokacin da take da cikin.

Ku lura da wannan: yawancin yaran da barasa ta yi wa lahani ba su da alamun fuska ko kaɗan. Fuskarsu kamar ta kowa, bakinsu na iya zuba magana, amma ba su riƙe umarni. Ga irin waɗannan, idan ba a sami shaidar uwa ko ta wanda ya san ta ba, likita ba shi da hanyar tabbatarwa. Uwa kuwa ba za ta faɗa ba muddin ta san abin da zai biyo baya shi ne zargi da horon ikkilisiya.

Abubuwan da suke kama da shi

Kada mai hidima ya kalli fuskar yaro ya yanke hukunci. A ƙasarmu abubuwa da yawa suna taɓa ƙwaƙwalwar yara: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, shawarar jarirai mai tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, tamowa, ƙarancin sinadarin aidin, da gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Akwai kuma lahanin da ke cikin ƙwayoyin gado. Wani yaron ma ba ya ji sosai ne kawai, aka ɗauke shi daƙiƙi. Raba waɗannan aikin likitan yara ne, da masanin halayyar ɗan Adam inda ake da shi, yawanci a asibitocin koyarwa.

Lahanin ba ya warkewa, amma gane shi da wuri yana canja rayuwar yaro. Binciken Ann Streissguth a Amurka ya nuna cewa waɗanda aka gano kafin su kai shekara shida, suka kuma girma a gida mai kwanciyar hankali, sun fi tsira daga barin makaranta da faɗawa hannun hukuma.

Aikin mai hidima

Littafin Mahukunta sura 13 ya nuna cewa an umarci matar Manowa ta guji ruwan inabi da abin sa maye kafin ta haifi Samson. Dalilin can keɓewa ce ga Allah, don haka kada mu mai da nassin darasin likitanci. Duk da haka ya nuna cewa abin da uwa take sha ya shafi ɗan da take ɗauke da shi. A Yahaya sura 9 kuwa, sa'ad da almajirai suka nemi sanin wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangiji ya kawar da hankalinsu daga neman mai laifi. Mu riƙe nassosin biyu tare.

Ku koyar da wannan a shawarar kafin aure da taron zumuntar mata, ku kuma yi wa maza magana, gama da wuya mace ta daina sha in mijinta yana kawowa gida. Mai cikin da ta riga ta sha, ku gaya mata cewa dainawa yau tana da amfani ga sauran watannin. Wadda sha ya kama sosai ta nemi likita, domin dainawa farat ɗaya tana iya jawo mata jijjiga. Idan uwa ta buɗe muku cikinta, ku riƙe asirinta, ku raka ta asibiti. Ga yaron kuma: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, gajerun kalmomi, maimaitawa, da tsarin yini da ba ya canjawa. Bulala ba ta koya wa ƙwaƙwalwar da ta sami rauni. Ku tsaya masa idan aka fara kiransa maye.

Tambayoyin nazari

1. Waɗanne abubuwa huɗu likita yake dubawa, kuma wanne ne ya dogara ga amincewar uwa?
2. Ta yaya tsarin horo a ikkilisiyarku zai iya hana mace faɗin gaskiya?
3. Wane asibiti ne mafi kusa da ku mai likitan yara, kuma wa zai raka iyalin?