Wanda Giya Ba Ta Kayar Da Shi Da Wuri

'Yan'uwana mata, akan ji mashaya suna yabon wani, wai shi namijin duniya ne, ya shanye kwalba uku bai ko yi tangaɗi ba. To, likitoci sun bi diddigin wannan magana, sun tarar irin wannan mutum shi giya ta fi kamawa daga baya.

A birnin San Diego na ƙasar Amurka, wani likita mai suna Marc Schuckit ya fara wani gwaji cikin 1978. Ya tara samari masu shekara kamar 20, wajen rabinsu 'ya'yan mashaya ne, ya ba kowa giya gwargwadon nauyinsa, ya duba yadda jikinsa ke rangaji da abin da ya ce yana ji. Bayan shekara goma ya sake nemansu. Ga abin da ya buga cikin 1994: cikin 'ya'yan mashayan nan, waɗanda giyar ba ta taɓa su sosai ba, 56 cikin 100 sun zama bayinta. Waɗanda kuwa ta juya musu kai da wuri, 14 kaɗai cikin 100.

Dalilin ba wuya. Wanda kofi guda ya sa shi jiri, jikinsa ya tsawata masa ke nan, sai ya tashi. Ɗayan kuwa sai ya ƙara, ya kuma ƙara, kafin ya ji abin da abokansa suka ji, har ya koma zama da manyan mashaya irinsa. Jiki yana ta sabawa, abin da ya isa bara ba ya isa bana. Hanta kuwa ba ruwanta da tangaɗi, duk abin da aka zuba ita ke dakonsa.

A Japan da Sin da Koriya, wajen mutum ɗaya cikin uku da ya kurɓa sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa tashi. Gado ne, kuma shi ke hana yawancinsu zama mashaya.

Mu mata ta fi saurin bugar da mu, domin ruwan jikinmu bai kai na maza ba, hantarmu kuma ta fi saurin lalacewa.

In kuwa kuna da tsohon mashayi a gida, kuka ga yanzu ɗan kaɗan ke kayar da shi, kada ku ce ya rage sha. Sau da yawa hantar ce ta gaji, sai a kai shi asibiti.