Kada a Ɗaure Fis da Waya

Idan fitilar cikin mota ta mutu, direban da ke jigila tsakanin Janbako da Talata Mafara yakan zargi ƙwan fitila, alhali sau da yawa laifin na fis ne, ko maɓallin jikin ƙofa da ƙurar hunturu ta toshe. Fis ba ya ƙonewa banza. Galibi wata waya ce ta goge ta taɓa ƙarfe. Wasu kan ce sabon fis sai an je gari, don haka su ɗaure tsohon da waya. Uzurin gaskiya ne, amma idan babu fis da zai katse wuta, batir mai bolt 12 ya isa ya narkar da wayoyin rufi, mota ta kama wuta. Direbobi, ku riƙa ajiye fis na safaya, ku kai motar wurin mai wayarin ya nemo inda wayar ta goge.