Ciwon Hanyar Fitsari da Neman Magani da Wuri: Bayani ga Hausawa Mazauna Amurka da Ingila

Tsakure

Ciwon hanyar fitsari na daga cikin cututtukan da suka fi yawan kai mata wurin likita. Maganinsa mai sauƙi ne idan an tare shi tun yana cikin mafitsara, amma jinkiri kan ba shi damar haurawa zuwa ƙoda, daga can kuma ya shiga jini. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ciwon yake samuwa, da alamomin da ke bambanta mai sauƙinsa da mai haɗari, da kuma wuraren da ake duba majinyaci a ranar da ya je a Amurka da Ingila. Ta kuma dubi abubuwan da kan jawo wa Bahaushe jinkiri ko rashin fahimta tsakaninsa da likita, wato faɗin ma'anar kalmar sanyi, da kunya, da shan magani ba tare da gwaji ba.

Fitilun kalmomi: mafitsara, ƙoda, sanyi, tsargiya, cibiyar kulawar gaggawa.

1.0 Gabatarwa

Hausawan da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen Turawa, irin su 'yan zangon Ghana da ke unguwar Bronx a birnin New York ko 'yan Nijeriya da ke Landan, sukan tarar da tsarin jinya wanda ya sha bamban da na gida. A gida mutum kan shiga kemis ya faɗi damuwarsa a sallame shi da magani. A Amurka da Ingila kuwa ba a sayar da maganin kashe bakteriya sai da izinin ma'aikacin lafiya, ganin likitan iyali kuma kan ɗauki kwanaki kafin a sami lokaci. A tsakanin likitan iyali da sashen ceton rai na babban asibiti, wanda aka fi sani da imajansi, akwai wata ƙofa ta uku da mutane da yawa ba su saba da ita ba. Ita ce cibiyar kulawar gaggawa, wadda ta yi kama da asibitin sha-ka-tafi, kuma ciwon hanyar fitsari na cikin cututtukan da ake magancewa a cikinta kullum.

2.0 Yadda Ciwon Yake Samuwa

Hanyar fitsari ta ƙunshi ƙoda guda biyu masu tace jini, da siraran bututu biyu masu sauko da fitsari, da mafitsara inda yake taruwa, sai kuma bututun da ke fitar da shi waje. Ciwon yakan fara ne idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga ta ƙofar fitar fitsari suka haura zuwa mafitsara. Ƙwayar da ta fi haddasa shi ita ce E. coli, wadda likitan yara ɗan Jamus Theodor Escherich ya bayyana a shekarar 1885. Mazauninta na asali hanjin ɗan Adam ne, sai ta sauka a inda ba nata ba take zama cuta. Ita ke da alhakin kimanin kashi 75 cikin 100 ko fiye na ciwon mafitsara mai sauƙi.

Mata sun fi maza kamuwa saboda yanayin halitta. Bututun fitar fitsari na mace bai wuce tsawon santimita 4 ba, kuma yana kusa da dubura, na namiji kuwa ya kai kimanin santimita 20. Kusan rabin mata kan yi wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Saduwar aure da juna biyu da ɗaukewar haila da ciwon suga da tsakuwar ƙoda da robar fitsari duk suna ƙara yiwuwar kamuwa. Ga maza masu shekaru kuma, kumburin furostet kan hana mafitsara zubar da fitsari duka, ragowar da ta kwanta ta zama wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta.

3.0 Alamomi da Matsalar Kalmar Sanyi

Idan ciwon yana mafitsara, majinyaciya kan ji zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari, da yawan zuwa banɗaki ana yin ɗan kaɗan, da matsuwar da ba ta jira, da ciwon mara. Fitsarin kan yi duhu-duhu ko ya gauraya da jini. Idan kuwa ya haura ƙoda, sai zazzaɓi ya shigo, da rawar ɗari, da ciwon kwiɓi ko gefen baya, da tashin zuciya ko amai. Jarirai kan nuna zazzaɓi da ƙin shan nono kawai, tsofaffi kuma wani lokaci ruɗewa da kasala ne ke fara bayyana.

A bakin Hausawa kalmar sanyi ta haɗa cututtuka da dama waɗanda likita yake rarrabewa. Mai zafin fitsari takan ce sanyi ke damunta, haka mai ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa, haka kuma wanda ya kamu da cutar da ake ɗauka ta saduwa. Musabbabinsu daban-daban ne, maganinsu ma daban. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri yawanci aikin gwauron naman gwari ne da ake kira kandida, wanda maganin bakteriya ba ya kashewa, hasali ma yakan ƙara masa ƙarfi. Idan tafinta ya fassara kalmar kai tsaye zuwa Ingilishi, likita na iya zaton mura ake nufi. Saboda haka ya fi dacewa majinyaciya ta zayyana abin da take ji ɗaya bayan ɗaya: inda zafin yake, yaushe ya fara, ko akwai jini, ko akwai zazzaɓi, maimakon ta kira sunan ciwo.

4.0 Inda Ya Kamata a Nufa

A Amurka cibiyoyin kulawar gaggawa suna karɓar mutum ba tare da ya nemi lokaci tun da farko ba, akasarinsu kuma suna buɗe da yamma da ranakun Asabar da Lahadi. Kuɗinsu ya yi ƙasa sosai da na imajansi. Sai dai akwai bambanci na doka da ya kamata a sani. Dokar tarayya ta 1986 da ake kira EMTALA ta wajabta wa sashen imajansi na asibitocin da ke karɓar kuɗin shirin Medicare su duba duk wanda ya zo, su daidaita lafiyarsa ko yana da kuɗi ko ba shi da shi, kodayake takardar biyan kuɗi kan biyo baya. Cibiyoyin kulawar gaggawa masu zaman kansu kuwa suna iya neman inshora ko kuɗi kafin su duba mutum. Wanda ba shi da inshora yana iya neman cibiyar lafiyar al'umma da gwamnatin tarayya ke tallafawa, inda ake yanka kuɗi gwargwadon samun mutum.

A Ingila hukumar lafiya ta NHS tana da layin waya na 111, wanda ke aiki dare da rana yana nuna wa mutum inda zai je, da cibiyoyin jinyar gaggawa da aka tsara su buɗe aƙalla awa 12 kowace rana. Tun daga ranar 31 ga Janairun 2024 kuma aka soma shirin Pharmacy First, wanda ya ba masu harhaɗa magunguna damar duba cututtuka bakwai ba sai an ga likita ba. Ciwon mafitsara mai sauƙi na mata 'yan shekara 16 zuwa 64 waɗanda ba su da juna biyu yana cikinsu.

Akwai yanayin da bai kamata a tsaya a waɗannan wurare ba. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, aman da ke hana magani zama a ciki, ruɗewa, saurin numfashi, ɗaukewar fitsari, da zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata uku ba, duk suna bukatar imajansi nan take, ko kiran 911 a Amurka da 999 a Birtaniya. Mai juna biyu da namiji da ƙaramin yaro da mai ciwon suga kuma su nemi likita a ranar da alamun suka bayyana. Ciwon ƙoda ga mai juna biyu yana iya jawo haihuwar bakwaini.

5.0 Gwaji da Magani

Bayan tambayoyi da awon zafin jiki da hawan jini, akan ba majinyaciya ɗan kofi mai tsabta ta tari fitsarin tsakiya, wato ta bar na farko ya zuba. Ana tsoma wani ɗan tsinken gwaji a ciki, cikin mintuna kaɗan ya nuna alamar fararen ƙwayoyin jini da sinadarin naitirait, wanda E. coli ke samarwa. Idan ciwon ya yi tsanani, ko yana yawan dawowa, ko majinyacin namiji ne ko mai juna biyu, akan aika fitsarin ɗakin gwaje-gwaje a raini ƙwayar cutar a gano maganin da ke kashe ta. Sakamakon yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, amma ba a jiransa kafin a fara magani.

Magungunan da aka fi farawa da su sun haɗa da nitrofurantoin, wanda ake sha kwana 5 a Amurka, kwana 3 kuma ga mata a Ingila, da fosfomycin mai giram 3 da ake sha sau ɗaya tak, da trimethoprim shi kaɗai ko haɗe da sulfamethoxazole. Maza da masu juna biyu kan sha magani na kwana 7. Nitrofurantoin a fitsari yake taruwa, ba ya isa naman ƙoda yadda ya kamata, don haka ba ya maganin ciwon da ya riga ya haura. A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada a ba da dangin ciprofloxacin domin ciwon mafitsara mai sauƙi sai idan babu wani zaɓi, saboda illarsu ga jijiyoyi. Sauƙi yakan fara samuwa cikin awa 48. Idan bai samu ba, ko zazzaɓi ya shigo, sai a koma. Maganin phenazopyridine da ake sayarwa ba da takarda ba a Amurka raɗaɗi kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar.

6.0 Abin da Ya Kamata Likita Ya Sani

Abu na farko shi ne ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ake gado kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Nitrofurantoin da phenazopyridine da magunguna masu sinadarin salfa suna iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai wannan larura. Wanda ya san yana da ita, ko tana cikin danginsa, ya faɗa kafin a rubuta magani. Mai sikila ma haka.

Na biyu shi ne tsargiya. Fitsarin jini ga wanda ya taɓa wanka ko wanki a kududdufi ko madatsar ruwa ko rafi a ƙasar Hausa yana iya zama aikin tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi, wadda kan shekara da shekaru a jijiyoyin jinin mafitsara. Likitan New York ko Landan ba lalle ne tunaninsa ya je can ba sai an gaya masa tarihin tafiya. Maganinta praziquantel ne.

Na uku shi ne duk wani magani da aka riga aka sha. Ragowar kafso da aka zo da shi daga gida yana iya ɓata sakamakon gwaji, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Jiƙe-jiƙen sanyi da ake aikowa su ma a ambace su.

Kunya ba ta zama dalilin jinkiri ba, domin mace tana iya neman ma'aikaciya mace ko a sa wata ta tsaya da ita, kuma sau da yawa gwajin fitsari ya wadatar ba sai an duba jiki ba. Cibiyoyin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka da na NHS suna samar da tafinta kyauta, wanda ya fi a sa ɗa ko 'ya su fassara wa mahaifiyarsu irin wannan magana.

7.0 Kammalawa

Idan ciwon ya zo sau biyu cikin wata shida, ko sau uku cikin shekara, ana lissafa shi mai dawowa, kuma bincikensa aikin likitan iyali ne. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Internal Medicine a 2018 a kan mata 140 masu ƙarancin shan ruwa ya nuna cewa ƙarin lita ɗaya da rabi a kullum ya rage dawowar ciwon da kusan rabi. Guje wa riƙe fitsari, da yin tsarki daga gaba zuwa baya, da yin fitsari bayan saduwa, duk shawarwari ne da likitoci ke bayarwa. Amma da zarar alamun sun bayyana, ruwa kaɗai ba abin dogaro ba ne. Mace mai zafin fitsari ba tare da zazzaɓi ba ta nufi cibiyar kulawar gaggawa ko kantin magani mai izini da wuri, wadda kuma zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai suka haɗu mata a kai ta imajansi a ranar.