Gato Mai Ruwan Hoda: Me Ke Gaskiya a Maganganun da Ke Yawo a Matameye?

Yanzu da wuya a yi biki ko suna a Matameye ba a ga gato ba, wanda 'yan uwanmu na Daura da Kano ke ce wa kek, an lulluɓe shi da kirim mai ruwan hoda. Yadda gaton ya yawaita haka maganganu suka yawaita a kansa. Wata ta ce kalar da jinin alade ake yi, wata ta ce kansa take sawa, wata kuma ta rantse cewa nata gaton magani ne tunda da zoɓo ta rina shi. A cikin zancen akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi.

Batun jinin alade ƙarya ce. Ba da shi ake yin kalar gato ba. Amma masu cewa da ƙwari ake yin wata ba su yi ƙarya ba. Akwai wani ɗan ƙwaro da ke zama a jikin wata shuka mai ƙaya a ƙasar Peru da makwabtanta, ana busar da shi a niƙa a fitar da jan launi, kuma shi ne ake rubuta wa E120 a jikin kwalba. Malamai sun saɓa a kan halaccinsa, don haka mai kokwanto ya duba lambar ya tambayi malaminsa. Sai dai wannan kalar tana da tsada. Mafi yawan masu araha da 'yan kasuwa ke shigowa da su ta iyakokin Kwangwalam da Ɗan Barto haɗin masana'anta ne daga sinadaran man fetur, irin su E122 da E124 da E129.

To, suna sa kansa? Nan ne ake cakuɗa abubuwa. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta wata jar kala guda ɗaya, E127, saboda ta haifar da kansar ƙullin wuya da ake kira thyroid a jikin ɓerayen da aka ɗura wa ita da yawa. Hukumar da kanta ta ce ba a ga hakan a jikin mutane ba, amma dokarsu ta hana barin duk abin da ya yi wa dabba haka. Ukun da aka ambata a sama kuwa, bayan wani bincike na jami'ar Southampton ta Ingila a 2007, ƙasashen Turai sun wajabta a rubuta gargaɗi cewa suna iya ƙara wa yara ƙiriniya da rashin natsuwa. Ba a hana su a can ba. Ɗigo biyu a gaton da mutum ashirin za su raba ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ba a cika zancensa ba: garin kala da ake ƙullawa a leda, ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Mai saye ba ta da yadda za ta bambanta kalar abinci da galurar rina tabarma da zane, don a ido duk ɗaya suke. A 2015 hukumomin Gana sun gano rinin Sudan a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akara. A 2024 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta hana sayar da alewar auduga bayan an samu rinin masaƙa mai ruwan hoda a cikinta. Irin waɗannan rinin ba a yarda a sa su a abinci ba ko kaɗan.

Zoɓo fa, zai iya aikin? Ƙwarai kuwa, kuma ga yakuwa nan a gefen kowace gona. A ɗibi tafi guda na busasshen zoɓo, a wanke ƙasar, a dafa da ruwa kofi ɗaya har ya tsotse ya koma kamar cokali huɗu, a tace, a bari ya huce sarai. Sai a riƙa ɗiga shi a kirim kaɗan-kaɗan ana bugawa. Idan aka kwarara shi lokaci guda kirim ɗin zai tsinke, ruwa gefe mai gefe. Wasu sun fi son su daka busasshen su tankaɗe da rariya mai laushi, su barbaɗa garin, don kada ruwa ya shiga ko kaɗan.

Masu cewa sun gwada ya koma toka-toka su ma gaskiya suka faɗa, amma ba laifin zoɓon ba ne. Launinsa yana son tsami, yana gudun kanwa. Kowace mace za ta iya gani da idonta: ta zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, ta matsa lemun tsami a ɗaya, ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara haske, na biyu zai dushe ya yi shuɗi-shuɗi ya nufi baƙi. Hodar da ke sa gato ya tashi dangin kanwa ce, shi ya sa in aka zuba zoɓo a ƙullun kafin gashi sai a ga abin takaici. Muhallinsa kirim ɗin sama, tare da 'yar matsar lemu.

Inda masoya zoɓo ke wuce gona da iri shi ne batun magani. Wai jan abu yana ƙara jini. Jan zoɓo ba ƙarfen da jiki ke gina jini da shi ba ne, launin tsiro ne kawai, kuma mai ƙarancin jini ya fi buƙatar hanta da wake da ganin likita. Hawan jini kuwa akwai ƙamshin gaskiya: a wani bincike na jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida jininsu ya sauka da kimanin maki 7. Kofi uku ke nan a rana. Cokali biyu a cikin tulin mai da zaƙi ba za su yi komai ba.

Sai sabon yayin da ake gani a waya, wai gaton "paleo", cimar mutanen farko, wadda littafin Loren Cordain na 2002 ya yayata. Tsarin ya hana hatsi da madara da farin sukari da dangin wake, wato gero da gyaɗa da nono duk sun fita, abin da zai ba manomin ƙasarmu dariya. Aya da rogo da dabino da kwakwa da zuma su ne suka tsira, kuma da garin aya ana samun gato mai daɗi, a yi masa kirim da madarar kwakwa mai kauri da zuma da zoɓo. Amma cewa mai ciwon sukari ya ci son ransa tunda ba a sa sukari ba, wannan magana ce mai haɗari. Zuma da dabino suna ɗaga sukarin jini, haka ma garin rogo.

'Yan uwa masu sana'ar gato, in za ku sayi kala ku nemi mai suna da lamba a jiki, in babu ku koma ga zoɓo. Ta ƙullin leda kuwa ku bar wa masu rinin tabarma.