Zumunta A Ƙafa Ta Ke: Hutun Ƙarshen Mako Wurin Abokan Karatu

Jama'a, akwai wata dangantaka wadda ba ta jini ba ce, ba kuwa ta aure ba, amma sau da yawa ta kan fi su ƙarko, watau ta waɗanda suka zauna aji ɗaya, suka ci tuwo akushi ɗaya. Abin mamaki, ita ce aka fi sakaci da ita. Da an karɓi takardar shaida an rarrabu, wani ofis a birni, wani makarantar ƙauye, shi ke nan sai gaisuwar waya ran Salla, in ma an tuna.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Ku dubi Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921 don horon malamai, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Ahmadu Bello ya fita cikin 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933 ya koma Midil ta Bauci. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ga nisa, ga wuyar hanya, amma ba su saki juna ba. Sa'ad da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta a 1959, mutanen nan sun san juna, sun kuma san talakawa, don kusa da su suka fara aiki.

Wannan tunani ya sa mu uku da muka yi kwalejin horon malamai tare muka shirya, ran wata Jumma'a cikin hunturu bayan an sauko daga masallaci, muka nufi wani ƙauye na ƙasar Makarfi, arewa maso gabas da Zariya, inda abokanmu biyu su ke koyarwa. Da magariba muka isa. Aka yi shimfiɗa a zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Ba a daɗe ba sunayen barkwanci na makaranta suka dawo, aka manta wane ne babba a wurin aiki.

Ran Asabar da hantsi muka gangara fadama, don ƙasar nan ta yi suna wajen rake. Muka ga yadda a ke matse shi, a tafasa ruwan cikin manyan kasake har ya yi kauri, sa'an nan a zuba a 'yan ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Muka zauna inuwar mangwaro muna shan rake, babu ƙarar mota, babu mai sallama da fayil. Kai, hutu ke nan!

Amma fa ribar tafiyar ba hutun kaɗai ba ne. A nan fadama muka tarad da yara waɗanda sunansu na cikin rajistar makaranta, alhali kuwa lokacin yankan rake ba a ganinsu a aji. Abokinmu hedimasta ya ce bai yi ta kai ƙara ba, sai ya zauna da mai unguwa da malamin allo da iyayen, aka daidaita yaran su zo da safe, in an tashi su tafi gona. Wannan dabara ba ta cikin wani rahoto da ya ke zuwa ofis, gama takarda ba ta ɗaukar abin da hira ke ɗauka. Da dare kuma ɗayan ya faɗa mana dā har ya yi niyyar ajiye alli, ba don ƙarancin albashi kaɗai ba, sai don ya ga kamar duk wanda aka tura ƙauye an binne shi ne da rai. To, malamai nawa irinsa za mu rasa saboda rashin sallama kurum?

Saboda haka, malamai da ma'aikatan ofis, ga shawara. Ku zaɓi ƙarshen mako guda ko cikin wata uku ne. Ku aika tukuna, kada ku yi wa mutum dirar mikiya. Kada ku yi yawa har ku zame masa nauyi. Ku riƙa tsaraba, goro da sabulu da 'yan littattafai don yara. Ku fara gai da mai gari, don darajar abokinku ta ƙaru a idon mutanensa. Muƙami kuwa ku bar shi a gida, ziyara kuka zo, ba duba makaranta ba. In kun dawo, ku gayyace shi shi ma, gama zumunta ba ta tafiya da ƙafa ɗaya.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama lafiya, amin.