Kalmar "Myth": Ba Kowane Kuskure Ne Camfi Ba

Duk mai bibiyar takardun wayar da kai da hukumomin lafiya ke rabawa zai lura da wata kalmar Ingilishi da ba ta rabuwa da su, wato "myth". Akan jera maganganun da ke yawo a bakin jama'a ƙarƙashinta, sannan a kawo gaskiyar lamarin a gefe. Idan aka zo fassara kuwa, sau da yawa sai mai fassara ya rubuta "camfi" ya wuce abinsa. To, a nan ne gizo ke saƙa.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda take nufin magana ko labari. Ta samu gindin zama a Ingilishi a ƙarni na 19 da ma'anar daɗaɗɗen labarin da al'umma ke bayyana asalinta da shi, irin rukunin da wasu masana kan sanya labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura. Daga baya ta ɗauki ma'ana ta biyu: zancen da mutane da yawa suka yarda da shi alhali ba gaskiya ba ne. Wannan ta biyun ce likitoci ke nufi.

Shi kuwa camfi abu ne daban. Camfi shi ne danganta sharri ko alheri ga abin da ba shi da alaƙa da shi, kamar a ce wanda aka tsallaka yana yaro ba zai yi tsawo ba. Gadonsa ake yi daga kakanni, ba a neman hujjarsa.

Mu dubi abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa maganin yana hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, amma ba camfi ba ne. Tsoro ne mai tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, inda 11 suka rasu. Ba da gori aka shawo kan lamarin ba. Sai da aka gwada maganin, aka kawo wani daga Indunusiya, malamai da sarakuna suka sa baki, kafin a ci gaba a 2004. Haka nan wankan ruwan gishiri da aka ruɗa jama'a da shi lokacin Ebola a 2014, jita-jita ce ta dare ɗaya, ba gadon kakanni ba.

Abin lura shi ne, idan ka ce wa magidanci tsoronsa camfi ne, ka kira shi jahili ke nan, kuma wanda aka raina ba ya sauraron nasiha. Harshenmu bai rasa kalmomi ba: akwai jita-jita, akwai gurguwar fahimta, akwai zargi, akwai ƙanzon kurege, kowace da muhallinta. Wajibi ne masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun lafiya su tsaya su tantance wace ce ta dace kafin su ɗora alƙalami, domin a wannan fage kuskuren kalma ɗaya na iya hana yaro ɗigon magani. Allah Ya sa mu gane.