Wa Ya Hana Ɗanka Gurbi, Kwamfuta Ko Mutum?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye, zance ɗaya ne a majalisa da shagunan kafe: "Yarona ya ci 260 an bar shi, ɗan maƙwabcina mai 210 ya samu. Ai yanzu kwamfutar JAMB ce ke zaɓe." Wasu na murna an huta da ɗan-wane-ne, wasu na cewa na'ura ta danne musu haƙƙi. Dukansu sun ɗora wa kwamfuta rawanin da ba nata ba.

Abin da ake nufi shi ne CAPS, tsarin da JAMB ta ɓullo da shi a 2017 ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede. Aikinsa jera masu nema bisa ƙa'idar da aka ɗora shi a kai. Jami'a ce ke yanke makin da take so a kowane fanni, ita ke faɗin yadda za a haɗa makin UTME da na jarrabawarta ta tantancewa, jami'anta ne kuma ke miƙa sunaye, JAMB ta duba ta amince. Sannan ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi.

A ɗauki CAPS kamar rariya. Tana tankaɗe, amma wanda ya saƙa ta shi ya yanke girman idonta. Ko kamar sikelin mahauci: ba ya ƙarya, sai dai ba shi ya sa farashin kilo ba. A jami'o'in tarayya an raba guraben ne gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ke nan ba layi ɗaya kowa yake bi ba. Ƙari a kan haka, mai 260 ɗin likitanci ya nema, inda kujeru 'yan kaɗan ne, mai 210 kuwa tarihi ya cika. Motar Legas ta cika, ta Gumel na jiran fasinja. Laifin ɗan kamasho ne?

Ba cewa nake na'ura ba ta tafka ɓarna ba. A Mayun 2025 JAMB ta amsa cewa matsala ta taɓa sakamakon UTME na ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawa. Amma ko a nan, da aka bi diddigi, sakacin ma'aikata aka tarar. Shi ya sa nake jin haushi idan ma'aikacin jami'a ya sallami uba da "ai sistem ne", alhali zai iya nuna masa layin da ɗansa ke ciki da makin da aka tsaya.

Mu ma iyaye da namu. Mun bar wa mai kafe komai, shi ke zaɓa wa yaro darussa, shi ke riƙe da lambar sirri. Yaro ya ci makinsa, amma ba a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinsa ba, tsarin kuwa ba ya gabatar da wanda bai ga kiredit ɗinsa biyar ba. Mutum zai iya yi maka uzuri ya ce kawo gobe. Kwamfuta ba ta san gobe ba.

Don haka, Malam, kafin ka saka babbar riga ka tafi kamun ƙafa, zaunar da yaron ya buɗe shafinsa na CAPS a gabanka, ku ga ko sakamakon ya hau.